Gurbin Mai Kunnen Zomo

Sha ɗaya na dare a Hull.
Na taso daga ɗakin wankin otal,
hannuna na ƙanshin omo da zannuwan baƙi,
ruwan sama na dukan taga kamar yana bin ta bashi.
Na ɗora buta a wuta, na kunna kwamfuta,
na koma yaro mai shuɗin gashi,
ido kamar faifai, takobi ya fi ni tsawo.
Ni ɗin nan, Lurwanu,
mai furfura a gemu da ciwon baya.

Mu biyar ne.
Tobiasz ke riƙe garkuwa, yana yi mini tari cikin kunne.
Nirmala ke kiran tsawa, ƙafarta ɗaya na jijjiga gadon jariri.
Akwai wani yaro a Leeds da ya ƙi faɗin sunansa,
na sa masa Barkono, don shi ke fara tsokano faɗa.
Sai Doreen,
'yar saba'in da huɗu, daga Grimsby.
Ta zaɓi yarinya mai kunnen zomo da sandar magani.
In dodo ya kwashe ni da wutsiya
ita ke watso mini koren haske,
tana cewa, "Tashi, ɗan nan, ba kwanciya aka kawo ka ba."

Yau kwana goma sha tara
sunanta ya dushe, ya yi toka-toka.

Mun shiga kogon mu huɗu.
Dodon mai kai uku ne, da ƙararrawa a wuya,
kyakkyawa, kamar na siyar wa yara.
Ya gama da mu kafin shayina ya huce.
Muka koma, ya maimaita.
Barkono ya ce a ɗauko wani mai magani, ga su nan birjik.
Ba wanda ya tanka.
Tobiasz ma tarin ya tsaya.

Ban san fuskarta ba, ban san lambar ƙofarta ba.
Na san kyanwarta ba ta cin kifin gwangwani.
Na san mijinta ya yi shekara talatin a teku
ya zo ya mutu a kujera, rediyo na magana.
Na san in ta kira sunana sai ta karya shi biyu.
To wa zan tambaya?
In je Grimsby in tsaya a tashar bas
in ce jama'a, ko kun ga wata zomanya mai sanda?

Sha biyu saura kwata, sunan ya kawo haske.

Zomanya ta shigo, ta yi karo da bango.
Ta juya, ta sake karo da bango.
Wata murya ta ce, "Ni Callum ne, jikanta.
Ta faɗi a matakala, ƙugu ya karye, an sa ƙarfe.
Hannunta na rawa tukuna.
Ta ce in riƙe mata gurbi kada ku ba wani."
Can daga baya, daga cikin matasan kai,
sai ga tsohuwar murya:
"Hagu, sakarai, hagu! Ba ka ga mai shuɗin gashi na mutuwa ba?"

Ina kuwa mutuwa.
Yaron ya ɗaga sanda
ya watsa maganin duka a kan dodo.
Nirmala ta yi dariya har jariri ya farka.
Muka zube mu biyar a jere, kamar kifi a faranti,
kuma tun da nake mutuwa a kogon nan
ban taɓa jin daɗinta irin na yau ba.

Ƙarfe shida zan tashi, zannuwa ɗari biyu na jira.
Shayi ya yi sanyi, na shanye shi haka.
Doreen ta ce a sake zagaye ɗaya.
Na gyara zama, bayana ya yi ƙara,
na ce wa Callum, "Ka ga wancan maɓallin na uku?
In ka ga na faɗi, shi za ka danna."